Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Yayana soja ne, kuma ban san shi sosai ba. Abin da na riƙe nasa kaɗan ne: wani dogon mutum a bakin kogin Katagum da hantsi, ya naɗe ƙafar wando, ruwa yana ƙyalli a bayansa har ba na iya ganin fuskarsa. Wani lokaci a tunanina kifi ne a hannunsa, wani lokaci takalmansa. Na daɗe da daina wahalar da kaina wajen tantance wanne ne gaskiya, wanne ne mafarki. Ina 'yar ƙarama ya tafi yaƙin basasa, bai dawo ba.

Abin da ya dawo lambar yabo ce. An kira Baba ƙofar hakimi, wani hafsa ya miƙa masa ita a cikin ɗan akwati, ya ce ɗansa ya yi jarumta, ya ba da ransa don 'yan'uwansa sojoji. Iyakar bayanin ke nan. Ba a ce ga inda ya faɗi ba, ba a ce an binne shi ko ba a binne shi ba. Aka yi zaman makoki, aka yi sadaka, Baba ya sa lambar a adakarsa. Da shi ma ya rasu, sai ta koma hannun ƙanen Baba da muke ce wa Kawu, wanda ya ci gaba da riƙe gidan.

Ranar da labarin ya zo, mata sun cika tsakar gidanmu da kuka. Inna kuwa ita ke shimfiɗa musu tabarma, tana kawo musu ruwa, tana yi musu sannu da zuwa, sai ka ce su aka yi wa rashin.

Shi ne ɗanta na fari. A irin gidajenmu, balle namu da ke da jinin Fulani, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Ba ta kiransa, ba ta yabonsa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Da an yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, ya koma ɗanta. In ya zama dole Inna ta yi maganarsa, sai ta ce “yayanku”, ko “wancan”, ko “ɗan gidan nan”. Akwai wani maƙwabcinmu da ya sa wa ɗansa irin sunan, har yaron ya yi gemu Inna ba ta kira shi da komai ba sai Mai-suna. Mutuwa kuma ba ta ɗage wannan kunya. In ma wani abu ta yi, ƙara ta ta yi.

Ni Allah ya yi ni da baki. Ina budurwa na taɓa tsare ta na ce, “Inna, ke ba kya tunanin Yaya ne?” Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Ke dai ba ki da ta ido,” ta ci gaba da tankaɗenta. Na yi fushi da ita ranar, fushi na gaske. Sai da na ƙara hankali na lura da wani abu. Duk lokacin da aka yi rasuwa a unguwa, ko da jariri ne, tambayarta ɗaya ce: an samu an yi masa sutura? In aka ce an yi, sai ta ce, “To, ya gode Allah.” A nan na gane abin da ke cin ta. Tana so ta san ko an rufe ɗanta a ƙasa kamar kowa, ko an bar shi a wani daji. Ba wanda ya sani a garinmu, kuma ko da akwai, ba ta da bakin tambaya.

Na yi aure a Azare, ina koyarwa a wata firamare. Lokacin ne sojoji suka matsa wa mutane da tsaftar gari, duba-gari suka zama abin tsoro, mata na jin an ce ga su nan sai a hau kifar da tsofaffin tukwane. Wata rana aka turo mana ɗaya makaranta. Ƙato ne, baƙi, yana ɗingisa ƙafar hagu, kowa Saje yake ce masa don tsohon soja ne. Kirista ne daga duwatsun kudancin Bauchi, Hausarsa ta bariki ce, wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Ba zan kwaikwaye shi a nan ba, zan gyara masa ita, ya ci albarkacin abin da ya yi mana.

Ya tsoma moɗa a randar da yara ke sha, ya ɗago ta cike da 'yan tsutsotsi suna wutsil-wutsil. Hedimastanmu, wanda da safen nan ya gama yi mana huɗuba a kan tsafta, ya hau share gumi da hularsa. Ni kuwa dariya ta ƙwace mini. Saje ya juyo ya kafe ni da ido. Na ce a raina shi ke nan, yau bakina ya ja mini tara.

“Malama, ke 'yar ina ce?”

“Katagum.”

Ya ajiye moɗar a hankali. Sai ya faɗi sunan Yaya, cikakke, har da na Baba a haɗe. Rabon da in ji an faɗi sunan nan da ƙarfi a fili tun ina yarinya. Na ji filin makarantar ya yi nisa, muryoyin yara suna zuwa kamar daga ƙetaren ruwa. Ya ce wushiryata da yadda nake karkatar da kai in ina dariya ne suka tuna masa da Yaya. Ya ce da gangan ya nemi a turo shi wannan yanki, don Katagum kawai ya riƙe, ya zo ya tarar ƙasa ce guda mai garuruwa, ga masu irin sunan ba iyaka.

Na ce ya gaya mini yadda aka yi. Ya girgiza kai.

“Uwarsa tana da rai?”

“Tana nan.”

“To ita zan fara gaya wa. Haka na yi alkawari da kaina.”

Na yi tunanin in yi masa bayanin halinmu, sai na ga mutumin da ya yi rabin rayuwarsa cikin Hausawa ai ba sai an karanta masa ba. Muka tsayar da Asabar, don ya ce Lahadi yana zuwa coci. Maigidana ya ba ni izini, na riga Saje tafiya ranar Juma'a bayan an tashi daga makaranta.

Kaka ce, an yanke gero, ruwa bai gama janyewa daga fadamu ba. Na shiga motar 'yan kasuwa ta hanyar Gadau, aka matse ni tsakanin buhun gishiri da wata tsohuwa mai kaji. Har yau in na rufe ido ina ganin tafiyar nan. Bado ya rufe tafkuna da fararen furanni, balbelu suna tsaye a bayan shanu ba sa ko motsi, rana tana sauka a kan dammunan gero da aka jingina. Ina ta gyangyaɗi ina farkawa, kowane farkawa sai in ga kamar wuri ɗaya muke, ruwa da shanu da haske. A cikin gyangyaɗin nake ta shirya yadda zan gaya wa Inna, ina rushewa.

A ƙarshe dai a tsaye na faɗa mata, ina kwance ɗankwali. Na ce gobe za mu yi baƙo, wani ne da suka yi soja tare da Yaya, yana wurin lokacin da abin ya faru. Idonta a lokacin ya fara yin yana, ba ta gani sosai sai inuwar abu. Ta juya fuskarta wajen murhu ta ce, “Akwai gero a rumbu, sai a yi masa fura.” Ta ci gaba da hura wutarta. Amma da gari ya waye na tarar an share zaure tas, an yayyafa ruwa, kuma ba ni na share ba. Ta ɗaura zanenta na saƙi wanda sai da salla ake ganinsa.

Da hantsi muka ji ƙarar babur. Saje ya zo cikin tsohon kakinsa, ya sha guga, maɓallan sun matse shi a ciki. Kawu ya tare shi a zaure, ya fito da ɗan akwatin lambar ya ajiye a kan tabarma, suka gaisa da ƙarfi don Kawu kunnensa ya yi nauyi. Sannan na shiga na kamo hannun Inna.

Saje na ganin ta ya cire hula, ya durƙusa da ƙafar nan tasa mai ciwo. Ya faɗi sunan Yaya, ya ce, “Mama, ke kika haife shi?”

Inna ta kawar da kai wajen bango.

“Ɗan gidan nan ne,” in ji ta. “Sannu da hanya. Ya mutanen Azare?”

“Lafiya lau, Mama. Ɗanki, ni da shi...”

“Madalla. Ke, ba ki kawo wa baƙo ruwa ba.” Ta dafa bango ta miƙe. “Awakin nan tun safe ba a ba su dusa ba.”

Ta shige gida. Saje ya daɗe a durƙushe yana kallon ƙofar da ta bi. Kawu, wanda bai ga wani abin mamaki ba, ya hau ba shi labarin yadda ruwa ya ci masa gonar shinkafa. Can Saje ya tashi ya sa hularsa, ya ce yana zuwa, ya fita. Na bi shi na tarar har ya hau babur.

“Malama, shekara da shekaru ina ɗauke da maganar nan,” in ji shi. “Na yi aure da ita, na haifi 'ya'ya da ita. A garinmu, da uwa za ta ga wanda ya riƙe kan ɗanta, sai ta rungume shi ta yi kuka har maƙwabta su taru. Ko ya yi mata wani laifi ne kafin ya tafi?”

Na ce ɗan fari ne. Na ce ba ta taɓa faɗin sunansa ba tun ranar suna, kuma ba za ta zauna a gaban ƙanen mijinta da baƙo a yi mata maganarsa ba.

“Na san wannan kunyar taku,” ya ce. “Amma har bayan mutuwa?”

“Har bayan mutuwa.”

Ya girgiza kai ya taka babur, injin ya tashi. Ban san lokacin da na riƙe kan babur ɗin da hannu biyu ba, ni matar aure, a ƙofar gidanmu, mutane na wucewa. Na ce, “Saje, in ka tafi ba za ta taɓa ji ba. Kai kaɗai ka sani, ita kuma ta tsufa. Wallahi tun asuba ta share maka zauren nan da hannunta.”

Ya kashe babur ɗin. Ya ce to yaya za a yi, mutum ya gaya wa wanda ba ya son ji?

Akwai wata tsamiya a gefen gidanmu, jikin dangar da ta kewaye tsakar gida. Na ɗauko tabarma na shimfiɗa a gindinta, dab da dangar. Na ce, “Ni za ka gaya wa. Ni ƙanwarsa ce, ba ni da kunyar kowa, duk garin nan an shaida. Amma ka ɗaga murya kamar kana fareti.” Kawu ya biyo mu da akwatin lambar a hannu, ya zauna.

Ba mu gama zama ba na ji ƙas, ƙas, ƙas daga bayan dangar. Inna ce take ɓarar gyaɗa. Awakin da ta ce za ta ba dusa suna can ɗaya gefen gidan.

Saje ya fara. Ya ce wata ƙasa ce da ruwan sama ba ya ɗaukewa, itatuwa sun haɗe sama har mutum ya manta kalar rana. Wata safiya aka fi ƙarfinsu, suka ja da baya, suka iske kogi a gabansu, gadar an karya ta, wuta kuma tana bin su. Yawancinsu 'yan tudu ne, ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba. Shi Saje harsashi ya riga ya fasa masa ƙafa, yana kwance cikin laka, ya gama sallamawa. Sai ga Yaya ya tsuguna a kansa yana dariya, wai wannan ne kogin? Ai bai kai na garinsu ba in damina ta yi tsakiya. Ya ajiye bindigarsa, ya juya baya, ya ce hau.

“Ya goya ni kamar jariri, Malama. Ruwa har wuyansa. Ina jin numfashinsa a ƙirjina. Ya ajiye ni a ƙetare, ya koma. Ya kawo wani, ya koma. Ina kwance ina ganin kansa yana tafiya a kan ruwa, yana dawowa da kai biyu. Tun ina ƙirgawa har na daina.”

Ƙas, ƙas ɗin ya rage sauri.

Ya ce zuwan ƙarshe wani ƙaramin hafsa Yaya ya kawo, ya tura shi kan gaɓa, shi kuma bai hau ba. Da suka jawo shi suka ga jini a ƙasan haƙarƙarinsa, ashe harsashi ya same shi. Bai yi ta kururuwa ba. Saje ya ja jiki ya ɗora kansa a cinyarsa mai lafiya. Akwai wani kofur Musulmi a cikinsu, shi ya riƙa laƙƙana masa kalmar shahada, yana karɓa, har rana ta ɗaga. Daga nan ya daina karɓa.

Bayan dangar ya yi tsit. Wata kurciya tana kuka a saman tsamiya, haske yana ratsowa ta ganye yana yawo a kan kakin Saje. Na ji kamar duk garin ya tsaya yana jira, har masu daka na nesa.

Sai muryar Inna ta fito, a sanyaye, kamar mai tambayar farashin kuka a kasuwa.

“Ke. Tambayi baƙonki. A can ƙasar, in baƙo ya mutu, yaya suke yi da shi?”

Saje ya dube ni. Na ga ya gane. Ya juya ya fuskance ni sosai, ya ƙara ɗaga murya.

“Malama, an ce mu tashi mu ci gaba, na ce ba mai ɗaga ni daga nan sai an rufe shi. Musulmin cikinmu suka yi masa wanka da ruwan kogin. Ba likkafani, sai mai ba mu magani ya ba da farin zanen da yake shimfiɗa wa masu rauni, sabo, ba a taɓa amfani da shi ba. Ni na fara tona ramin, a zaune, da ɗan shebur ɗina, wasu suka karɓa. Kofur ya dubi rana ya nuna gabas. Suka yi sahu suka yi masa salla, ni ina jingine da itace da bindiga ina gadinsu. Aka kwantar da shi ta gefen dama.”

“Tambaye shi,” in ji muryar, “kusa da ruwan ne?”

“A tudu ne, Malama. Ko kogin ya yi hauka ba zai kai wurin ba. Gindin wani babban itace, ban san sunansa ba, babu irinsa a nan.”

“To,” in ji Inna. Ta ƙara cewa, “To.”

Na zaci shi ke nan, za ta koma ɗaki. Sai na ji takunta, tana zagayowa ta ƙofar danga. Ta fito da ɓawon gyaɗa a jikin zanenta na salla. Kawu ya buɗe akwatin ya miƙo mata lambar, ko kallon wajen ba ta yi ba.

“Ce masa ya miƙe tsaye.”

Kafin in buɗe baki Saje ya miƙe, ya ƙame, hannuwa a gefe, hula a ƙasa. Rana tana bayansa. Inna ta kare idonta da tafin hannu, ta bi inuwarsa tun daga ƙafa har kai, a hankali, ta sake biyowa ƙasa. Mutum ne mai faɗin kafaɗa, ya kusa taɓa reshen tsamiyar.

Wannan karon ba ta bi ta kaina ba. Shi ta yi wa magana.

“Duk wannan ya goya?”

“Ya goya ni, Mama.”

Ta jinjina kai.

“Shi ba shi da nauyi,” ta ce. “Bayan an yaye shi, da asuba nake zuwa in sato shi daga ɗakin kakarsa. In goya shi can bayan rumbu, in yi ta zagayawa, kafin mutanen gida su tashi. Ba wanda ya taɓa sani.”

Ta juya tana laluben danga da hannu har ta sami ƙofa. Na yunƙura zan bi ta, sai na koma na zauna, don na san abin da za ta shiga ɗaki ta yi, kuma ba ta son mai gani. Saje ne ya yi nasa kukan a fili, a tsaye, ƙato da shi, kafaɗunsa suna girgiza, yaran unguwa sun taru suna kallo. Na ɗauki hularsa daga ƙasa na kaɗe ta, na riƙe masa har ya gama.